Wa Ya Leƙo Shafina?

A kan tudun Valparaíso nake zaune,
matakala ɗari da sha ɗaya daga ƙofata zuwa titi.
Na ƙirga su ran da Baltasar ya sauka,
jaka a kafaɗa, bai waiwayo ba,
a kan magana guda da na yaɓa wa matarsa,
wadda har yau na rasa yadda zan tsince ta.

Shekara huɗu ke nan.
Da rana ina ɗinke wa masunta ragarsu,
da dare in ɗora hoto a shafina:
furen bakin taga, kyanwa tana hamma,
miyar kifi tana tururi,
irin wadda yake sha har ya lashe cokali.
Ba don 'yan unguwa nake sa su ba.
Ƙugiya ce na jefa a teku,
ban san ko kifin yana bi ta wurin ba.

Sai ga wata talla ta faɗo tsakanin hotuna:
"Kina so ki san mai leƙen shafinki a ɓoye?"
Kai! Wanda ya rubuta wannan ya san inda ke yi mini ƙaiƙayi.
Peso dubu uku kacal, in ji su,
sai lambar kati, sai lambar sirri.
Na miƙa, kamar mai ba baƙo mabuɗin ɗaki
ya duba mata ko da ɓarawo a ciki.

Wata da'ira ta yi ta juyawa,
cikina ma haka.
Sunaye ashirin suka zubo:
Maite mai burodi, limamin cocinmu,
wata 'yar ajinmu da ta koma Temuco,
na bakwai kuwa Evaristo, mijina,
wai ya duba jiya, tara da kwata.
Evaristo, da na zuba wa ƙasa da hannuna
shekara shida da suka wuce!
Na yi dariya har na riƙe tebur,
can dariyar ta juye ta zama wani abu dabam.
Babu Baltasar a ciki.
Ko ƙarya ba ta ba ni shi ba.

Da safe na gangara wurin Nahuel mai gyaran waya.
Ya ture tabarau zuwa goshi.
"Doña Ermelinda, wannan ƙofar ba a buɗe wa kowa ita.
Sunayen abokanki suka kwasa,
suka girgiza a gwangwani, suka zube miki.
Ba su ga kowa ba.
Ke suka gani."

Kafin ya canja lambar, aikin gama ya gama.
Da sunana an aika wa kowa saƙo,
wai na zame a matakala, ƙafa ta karye,
ina kwance asibiti, a taimaka da kuɗin aiki.
Maite ta gane tun layin farko,
ta ce ni ban taɓa rubutu babu kuskure ba.

Ina hawa gida, jiki ba laka,
waya ta yi ƙara.
Lambar wata ƙasa, iska na kaɗawa bayan muryar.
"Mama, wane asibiti ne?
Na tura rabin albashina. Ya isa?"

Na zauna a matakala ta sittin da wani abu.
A ƙasa jiragen ruwa na ta sauke kaya,
ba ruwansu.
Na ce, "Ƙafata lafiya lau, ɗana.
An cuce mu, ni da kai."

Shiru, har na zaci layi ya yanke.

Sai ya ce, "Miyar nan ta ran Lahadi,
kin cika mata albasa."